Idan Ɗan Jinga Ya Yi Kuskure, Wa Zai Biya?

 Cikin zagayen da na yi da ranin bara na iske wata ƙungiya cikin damuwa ƙwarai, tun daga lokacin kuwa nake so in kawo maganar a wannan shafi. Ba zan faɗi sunansu ba. Su da kansu suka ce in ba da labarin domin waɗansu su ji.

Ƙungiyar tana da ɗan kamfani wanda matasanta suke gudanarwa. Suna kafa wa masu lambu famfo mai aiki da hasken rana, da tanki, da bututun ban ruwa. Wani mai babbar gona ya ba su kwangila su haƙa masa rijiyar burtsatse su haɗa masa kome da kome, ya kuma biya rabin kuɗi tun kafin a fara. Su ba su da injin haƙa, ba su kuma da na'urar neman ruwa. Sai suka ɗauko wani mai awo daga birni. Ya zo ya kafa turakunsa na ƙarfe, ya ja waya, ya nuna wuri ya ce a nan ruwa yake. Suka kira masu injin, aka haƙa mita 60, ba abin da ya fito sai ƙurar dutse. Mai awo ya riga ya karɓi kuɗinsa tun ranar da ya zo. Masu injin suka ce su wuri aka nuna musu suka haƙa, a biya su. Mai gona kuwa ya riga ya yafa irin tumatir yana jiran ruwa. Ya ce a mayar masa da kuɗinsa, a kuma biya shi hasarar rani guda.

Shugaban ƙungiyar ya ce mini, "Malam, ai ba mu muka yi awon ba." Gaskiya ne. Amma da takardar lauya ta zo, sunan kamfaninsu ne a kanta. Ko ambaton mai awo ba a yi ba.

Wanda ya karɓi aiki shi ke da alhaki

Wannan ita ce maganar farko, kuma ita ce ta fi wuyar shiga kunne. Sa'ad da kuka sa hannu a takardar kwangila, kun yi wa mai aiki alkawari. Da ku ya yi ciniki, ku ya ba kuɗi. Bai san mai awo ba, watakila ko sunansa bai taɓa ji ba. In kun yanki wani sashe na aikin kun ba wani, wannan tsakaninku da shi ne. Alkawarinku na farko yana nan a wuyanku. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Doka ma haka ta ce. Kuna iya bin wanda ya ɓata aikin daga baya ku nemi ya biya ku, in kun same shi, in kuma yana da abin biya. Amma mai aiki ba zai jira wannan ba.

Akwai kuma abin da ya kamata kowane ma'aji ya sani. Ƙungiyar da aka yi wa rajista bisa dokar ƙungiyoyin gama kai, ko kamfanin da aka yi wa rajista a hukumar CAC bisa dokar kamfanoni ta 2020, doka tana ɗaukarsa kamar mutum. Yana iya kai ƙara, ana iya kai shi ƙara. Amfanin wannan shi ne ba za a zo a kama akuyar memba a gidansa ba. Amma abin da yake cikin asusu da rumbun ƙungiya, watau zubin da kuka yi shekara da shekaru, ana iya taɓa shi. Wanda kuwa sunan kasuwanci kaɗai ya yi wa rajista, ba kamfani ba, ba wani shinge tsakanin aljihun sana'arsa da aljihun gidansa.

Ƙwadago da jinga

Mu manoma mun san bambancin nan tun kafin lauyoyi su sa masa suna. Ɗan ƙwadago, kai kake ba shi fartanya, ka nuna masa kunya, ka tsaya a kansa, ka biya shi da yamma. Ɗan jinga kuwa kun yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya. Ya zo da kayansa da yaransa, ya yi yadda ya ga dama, kai dai ka ga an gama. Masu inshora ma haka suke raba mutanen da kamfani yake ɗauka. Wanda ƙarfinsa kaɗai ya kawo, yana aiki da kayanku bisa umurninku, kusan ma'aikacinku ne a wurinsu, ko da kwana uku zai yi. Wanda ya zo da nasa kaya da nasa sani, kamar mai awon nan, ƙaramin ɗan kwangila ne mai zaman kansa. Shi nake kira ɗan jinga a wannan bayani.

In ma'aikacinku ya yi wa wani ɓarna a bakin aiki, ku ne za ku amsa. In ɗan jinga ne ya yi wa mutumin waje ɓarna, sau da yawa shi zai amsa da kansa, ko da yake akwai inda doka takan haɗa da ku, misali in kun san bai iya ba kuka ba shi, ko kuwa aikin mai haɗari ne ƙwarai. Amma a wurin wanda ya ba ku kwangila, ba bambanci. Ko ƙwadago ko jinga, ku zai riƙe. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Wace irin inshora ce wannan?

Yawancinmu inshora guda muka sani, ta mota da babur, wadda ake tambaya a kan hanya. Tun watan Janairu 2023 kuɗinta ga motar gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a shekara, iyakar abin da take biya na dukiyar wani kuma ya zama naira miliyan 3. Ku lura da yadda take aiki. Motar wanda ka buge take gyarawa, taka kuwa kai za ka gyara. To, inshorar da nake magana a kanta 'yar'uwarta ce. Zan kira ta inshorar kuskuren sana'a. Tana biyan wanda ya yi hasara domin ya dogara ga saninku: awon da kuka yi, zanen da kuka zana, lissafin da kuka buga, shawarar da kuka bayar. Tana kuma biyan kuɗin lauyan da zai kare ku, ko da daga baya kotu ta ce ba ku da laifi. Ga ƙaramin kamfani, wannan na biyu yakan kai na farko nauyi, gama shari'a takan yi shekaru.

Kada a haɗa ta da sauran. Inshorar amfanin gona da dabbobi, irin wadda hukumar NAIC take yi tun da shirin ya soma a 1987, gonarku take karewa daga fari da ambaliya da ƙwari da gobara. Raunin ma'aikaci a bakin aiki yana ƙarƙashin dokar diyyar ma'aikata ta 2010, inda mai ɗaukar ma'aikata yake biyan kashi 1 cikin 100 na albashinsu ga hukumar NSITF. Akwai kuma inshorar ɓarna ga jama'a, wadda take biya in aikinku ya ji wa wani rauni ko ya lalata masa dukiya.

Bari in ba da misali da feshi, tun da ƙungiyoyi da yawa yanzu suna karɓar aikin feshi su raba wa samari masu injin goyo. Maganin ciyawa da ake kira 2,4-D yana kashe ciyayi masu faɗin ganye, shi ya sa ake amfani da shi a gonar shinkafa da masara. Amma wake da gyaɗa da tumatir da auduga su ma masu faɗin ganye ne. In manomi ya biya ku ku duba gonarsa ku zaɓa masa magani, ɗan jinganku ya ce a fesa 2,4-D a masarar da aka yi wa rafkiyar wake a tsakani, waken ya ƙone, wannan kuskuren sani ne. In kuwa maganin daidai ne, amma ya fesa da iska ta kwashe shi zuwa lambun tumatir na maƙwabci, wannan ɓarna ce ga mutumin waje, kuma wata takardar inshora dabam ce za a duba. Ita ma sai an karanta, gama waɗansu sukan cire ɓarnar magani daga cikin abin da suke biya. Mutum guda, injin guda, rana guda, amma takarda biyu.

Yadda shawara ta zama abin biya

A dā a Ingila, in ba kwangila tsakaninku, wanda ya ba ka gurguwar shawara ba da niyyar zamba ba, da wuya ka sami diyya a wurinsa. Abin ya sake a 1963. Wani kamfanin talla mai suna Hedley Byrne ya so ya yi wa wani kamfani aiki bashi. Ya sa bankinsa ya tambayi bankin wancan, mai suna Heller, ko suna da ƙarfin biya. Heller ya ba da amsa mai daɗi. Ba da daɗewa ba kamfanin ya karye, Hedley Byrne ya yi hasarar fiye da fam 17,000. Kotun ƙoli ta ƙasar a lokacin ta yanke cewa mai sani da ya ba da shawara, yana kuwa sane za a dogara gare ta, yana iya ɗaukar alhaki in ya yi sakaci. Amma Heller bai biya ko kwabo ba, domin ya rubuta a kan wasiƙarsa cewa bai ɗauki alhakin amsar ba.

Na kawo wannan domin abu biyu. Dokarmu ta kwangila da ta sakaci daga ta Ingila ta samo tushe, lauyoyinmu kuma suna kafa hujja da wannan shari'a. Na biyu kuwa, ku dubi abin da ya ceci bankin: layi guda da aka rubuta a takarda. Za mu komo kan wannan.

A Nijeriya doka ta tilasta irin wannan inshora a kan waɗansu, kamar asibitocin da suke aiki da tsarin inshorar lafiya na ƙasa, da dillalan inshora su kansu. Ba ta tilasta wa ƙaramin kamfanin ban ruwa ko na feshi ba. Sai dai manyan masu ba da kwangila sukan nemi ganin takardarta kafin su ba da aikin da yake da awo ko zane a ciki.

Ku faɗa musu kuna ba da jinga

Ga inda mutane suka fi faɗuwa. Sa'ad da za ku sayi inshorar, za a ba ku fom mai tambayoyi. Wane irin aiki kuke yi? Nawa kuka samu bara? Kashi nawa na aikin kuke ba waɗansu? Kuna duba takardunsu? Suna da tasu inshora? An taɓa kawo ƙararku? Ciniki na inshora a kan gaskiya yake tsayawa. Kamfanin inshora bai ga gonarku ba, bai san yaranku ba, da abin da kuka rubuta yake yanke kuɗi. In kun ɓoye cewa rabin aikinku jinga kuke bayarwa domin kuɗin ya ragu, ranar da wahala ta zo suna iya ƙin biya, kuma doka tana iya goyon bayansu. Kun yi ta biya shekara uku a banza ke nan.

Bayan haka sai ku sa a nuna muku, da yatsa, wurin da takardar ta yi maganar ɗan jinga. Takardu ba iri ɗaya ba ne. Wata tana kare ku a kan aikin da ku da ma'aikatanku kuka yi kaɗai. Wata tana kare ku a kan aikin da kowa ya yi a madadinku. Wannan ta biyu kuke bukata. Wata kuma tana kare ku, amma da sharaɗi: sai in ɗan jingan yana da tasa inshora ta kuɗi kaza, kun kuma ajiye kwafinta. Wannan sharaɗi a birni ba wuya. A ƙauye kuwa, ku gaya mini, mai awo nawa ko ɗan feshi nawa kuka sani da yake da inshora? In kun karɓi takarda mai irin wannan sharaɗi alhali kun san ba za ku iya cika shi ba, kun sayi laima mai huda. Gara ku faɗa tun farko, a cire sharaɗin a ƙara muku kuɗi, ko a rubuta sunayen 'yan jinganku na kullum a cikin takardar.

Ku kuma gane wannan: takardar da ta kare ku daga kuskuren ɗan jinga, ba lalle ta kare shi ba. Bayan kamfanin inshora ya biya mai gona, yana da iko ya tsaya a matsayinku ya bi wanda ya yi kuskuren ya nemi kuɗinsa. A wurinmu wannan ba ƙaramar magana ba ce, gama ɗan jingan sau da yawa ba baƙo ba ne. Ƙanen ma'aji ne, ko ɗan wani dattijo da kuke zama kujera ɗaya da shi ran Lahadi. Sai ya ji wata rana lauyan wani kamfani daga Legas yana nemansa da sunan ƙungiyarku. A gaya masa tun ranar ciniki. Kada kuma ku rubuta masa takarda cewa kun yafe masa duk abin da zai faru ba tare da sanin masu inshora ba, gama kun yafe hakkin da ba naku kaɗai ba ne, suna kuwa iya rage abin da za su biya saboda haka.

Maganar lokaci

Wannan sashe ku karanta shi sau biyu, gama a nan inshorar nan ta bambanta da ta mota. A ta mota, ranar haɗari ake dubawa. In kana da inshora a ranar, shi ke nan. A inshorar kuskuren sana'a, yawanci ranar da aka kawo kuka ake dubawa, ba ranar da aka yi aikin ba.

Bari mu ce kun zana wa wata ƙungiya rumbun ajiyar hatsi a 2024, kuna da inshora a shekarar. A 2025 kuɗi ya yi wuya, ba ku sabunta ba. A 2026 bango ya tsage, damina ta shiga, masara ta ruɓe, aka kawo ƙara. Inshorar 2024 ba za ta biya ba, gama ba a kawo kukan a cikin shekararta ba. Kuskuren sani ba ya nuna kansa da wuri. Harsashin gini sai ya sha damina biyu ko uku. A yawancin jihohinmu mai ƙara a kan kwangila yana da shekara biyar ko shida kafin lokaci ya ƙure masa, ya danganta ga dokar jihar. Saboda haka wanda ya shiga wannan inshora sai ya riƙe ta ba yankewa. Ko kun rufe kamfanin, akwai wadda ake saya domin ayyukan da aka riga aka yi.

Akwai kuma wata rana da ake rubutawa a takardar, ranar da kariya take komawa baya ta tsaya. Aikin da kuka yi kafin wannan rana ba ya ciki. In yau kuka fara saya, mai yiwuwa yau za a rubuta. In kuka sake kamfanin inshora baɗi, ku tabbata sabon ya ɗauki tsohuwar ranar, in ba haka ba shekarun baya sun zube. Abin da kuka riga kuka san ya lalace kafin ku saya, shi ma ba ya ciki. Ba a sayen inshora bayan gobara ta tashi.

Da zarar kun ji ƙishin-ƙishin, ko wasiƙa ce, ko mai gona ne ya zo yana faɗa, ku sanar da masu inshora a rubuce a cikin makon. Kada ku jira sammaci. Kada kuma shugaba ya tashi a gaban jama'a ya ce laifinmu ne, za mu biya. Na san wannan ya saɓa wa tarbiyyarmu, mu da aka koya mana saurin neman gafara da sulhu. Ba na ce ku yi ƙarya ko ku yi taurin kai ba. Ku je ku jajanta, ku duba ɓarnar, ku rubuta abin da kuka gani. Amma alkawarin biya sai da yardar wanda zai biya, gama kusan kowace takarda ta hana amsa laifi ko yin sulhu ba da izininsu ba. Masu inshora su ma sun fi son sulhu da kotu, in an sa su a ciki tun farko.

Abin da ba ta biya

Ba ta biyan zamba, ko abin da aka yi da gangan. Ba ta biyan tarar jinkiri da kuka yarda da ita a kwangila. Yawanci ba ta biyan mugun aikin hannu, kamar magini ya rage siminti, gama wannan ba kuskuren zane ba ne. Sa'an nan ba ta biyan alkawarin da ya wuce abin da doka take nema a wurin mai sana'a.

Wannan na ƙarshe shi ya kama mutanenmu na rijiya. A ƙasa mai dutse irin ta Filato da kudancin Kaduna, ruwa yana cikin tsagar dutse ne da ruɓaɓɓen dutsen da yake bisa. Ba shimfiɗe yake ko'ina ba kamar a yashin ƙasar Barno. Na'urar awo wutar lantarki take turawa cikin ƙasa ta auna yadda take wucewa. Alama take bayarwa, ba ta ganin ruwa da ido. Gwani ma yakan yi awo bisa ƙa'ida a haƙa a tarar ba kome, wannan kuwa ba sakaci ba ne. Abin da doka take nema a wurin mai sana'a shi ne ya yi aiki da kula da gwaninta irin ta tsararsa. Amma takardar da samarin nan suka sa wa hannu cewa ta yi za su ba mai gona rijiya mai ruwa. Sun yi alkawarin abin da ba ya hannunsu. Da suna da inshora ma, da wannan sashe ya zama abin gardama. Abin da zai taimake su shi ne abin da mai awo na biyu ya gano daga baya: na farkon a wuri ɗaya tak ya yi awo, bai kuma bar rahoto a rubuce ba. Wannan sakaci ne, kuma irinsa ne inshorar take biya, in ta haɗa da aikin ɗan jinga.

Ku tuna da layin nan guda da ya ceci banki a Ingila. Ku rubuta abin da za ku yi: za a yi awo a wuri kaza, a ba da rahoto, a haƙa zuwa mita kaza, in ba a sami ruwa ba ga yadda za a raba hasara. Mai gona mai hankali zai yarda. Wanda ya ƙi, gara ya ba wani.

Abu biyu na kuɗi kuma, a taƙaice. Kowace takarda tana da iyakar abin da za ta biya, a tambaya ko iyakar ta kowace ƙara ce ko ta shekara duka, ko kuma kuɗin lauya yana cikinta. Akwai kuma kason farko da ku za ku biya da kanku. Misali kawai: in kasonku naira 500,000 ne, hasarar kuwa miliyan 3, su za su biya miliyan 2 da rabi. In hasarar 400,000 ce, duka naku ne. Wannan kaso ya kamata ya kasance a ajiye a asusu kullum.

Kowace ƙungiya ce take bukata?

A ganina, a'a. Ƙungiyar da aikinta tara hatsi ne, da sayen taki a raba, da ba membobi rance, kuɗinta ya fi amfani a inshorar gobara ta rumbu. Amma in kuna karɓar kuɗin mutanen waje domin ku auna, ku zana, ku zaɓa musu magani ko iri, ku yi wa kajinsu rigakafi, ku tsara musu ban ruwa, kuma wani ne ba ku ba yake yin sashen da ya fi bukatar sani, to ku zauna ku yi lissafi guda. Ku ɗauki aikinku mafi girma, ku ce ya lalace gaba ɗaya har da amfanin gonar mai shi. Asusunku zai iya ɗauka? In zai iya, ku yi ajiya ku ci gaba. In zai rushe ƙungiyar, ku nemi farashi. Kuɗin ya danganta ga yawan cinikinku, da irin aikin, da yawan abin da kuke bayarwa jinga. Ku raba shi a kan ayyukan shekara ku sa cikin farashin kwangila, kamar yadda kuke sa kuɗin mai.

Ku bi ta hannun dillalin inshora mai lasisi, ba yaron da yake sayar da takarda a bakin tasha ba. Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita take ba kamfanoni da dillalai lasisi, tana kuma buga sunayensu a intanet. Wani matashi a cikinku ya duba da wayarsa. A watan Agusta 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003. Ta ɗaga jarin da ake nema a wurin kamfanin da yake irin wannan inshora daga naira biliyan 3 zuwa biliyan 15, saboda haka ku tabbata wanda za ku ba kuɗi yana da lasisi a ranar da kuke biya. Ku kuma karɓi rasit. Ƙa'idar ƙasar nan ita ce in ba a biya kuɗin inshora ba, ba kariya, ba a cin ta bashi.

Ko da inshora ko babu, kada ku ƙara ba da jinga da baki. Takarda mai shafi ɗaya ta isa: sunansa da inda yake zaune, aikin da zai yi, rahoton da zai bari, alhakin da ya ɗauka in kuskuren nasa ne, da kason kuɗin da za ku riƙe sai an ga aikin ya yi. Ku je ku ga aiki biyu da ya yi a wani wuri, ku tambayi masu shi.

Mutanenmu na rijiya ba su kai kotu ba. Dagaci da dattawa suka zauna, aka shirya cewa za su sake awo su haƙa ta biyu da kuɗinsu, mai gona kuma ya janye maganar tumatir. Aka sami ruwa a ƙasan gonar, kusa da kwari. Kuɗin haƙa na biyu daga asusun taki aka ɗebo shi, saboda haka a daminar da ta biyo membobi sun sami takinsu a makare, waɗansu kuma har yanzu ba su huce ba. Mai awo na farko ya daina ɗaukar waya. Ba su da ko takarda guda mai sa hannunsa.

Yanzu sun rubuta sabuwar takardar kwangila da ta jinga, wani lauya ya duba musu. Sun kuma cika fom a wurin dillali, suka rubuta a ciki cewa dukan awonsu da haƙarsu jinga suke bayarwa. Kwamiti zai duba farashin a taronsu na bayan girbi. Magatakardansu ya ce duk ƙungiyar da take son kwafin takardun nan biyu ta aiko ta hannun malamin gona na yankinta.